Zanen da Goggo Ba Ta Taɓa Ɗaurawa Ba

Da na zo Lyon karatu, gidan Goggo na sauka, ƙanwar mahaifina, a hawa na tara cikin dogayen benayen nan na Vénissieux. Tun makon farko na gane gidan yana da doka guda wadda ba wanda ya faɗa mini. Kana iya zagin asansar, na'urar hawa bene, da ke lalacewa duk ranar da aka yi cefane mai nauyi, kana iya kushe miyar maƙwabta son ranka, amma maganar Tsoho ba a tayar da ita sai in mutum ya shirya cin tuwonsa da sanyi.

Tsoho shi ne sunan da kowa ke kiran wani babban ɗan siyasa na can gida. Ya yi gwamna a jiharmu, ya yi minista, daga baya ya kafa jam'iyyarsa. Goggo tana son sa, so na gaske, irin wanda ba ya jin magana. Shekarar yunwa, tana budurwa, shi da kansa ya zo ƙauyensu a kan motar hatsi, ya tsaya cikin rana har aka auna wa kowane gida. Kakata tana kwance a lokacin, ƙafafu sun kumbura, kuma da kunun wannan hatsin ta tashi. Na ji labarin nan ya fi a ƙirga, har nakan riga Goggo faɗin abin da ke gaba don in tsokane ta. Duk da haka ba ta taɓa kai ƙarshensa ba tare da ta kai gefen kallabi ido ba.

Mijinta kuwa, wanda nake kira Baba, ko hoton Tsoho ba ya son gani. Malamin lakwal ne a gida, wato makarantar boko. Suka yi yajin aiki a zamanin da Tsoho ke minista, aka kori wasu daga cikinsu, har da shi. Ya nemi wani aikin ya rasa, ƙarshe ya fito, ya ƙare a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, inda ya yi shekara ashirin da wani abu yana dawowa gida da wari a riga wanda sabulu ba ya fitarwa. Mutanenmu na Lyon ba su taɓa daina ce masa Mushe ba, sunan da ake kiran malaman lakwal da shi, shi kuma bai taɓa daina gyara wa yaran unguwa faransancinsu a bakin asansar ba.

In gardamar ta tashi, hanya ɗaya take bi kullum. Baba zai ce mutumin da ya iya raba hatsi a gaban jama'a ya iya raba mutum da abincinsa a cikin buro, ofishinsa. Goggo za ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, bai sani ba. Na ƙasa da shi ne suka yi maka haka. Da ya sani da bai yarda ba." Sai Baba ya naɗe jaridarsa ya ce, "To, Hajiya," ya yi shiru. Wannan shirun yana ba ni haushi ƙwarai. Ni mai baki ce tun ina ƙarama, kuma a ganina mutumin da ya karantar da aji guda bai kamata a kayar da shi da magana ɗaya ba har shekara da shekaru.

Akwai kuma zanen. Lokacin da Tsoho ya kafa jam'iyya aka buga atamfa mai hotonsa, ƙanwar Goggo ta aiko mata da zane ɗaya. Kore ne da ruwan ƙwai, fuskarsa a cikin da'ira, a ƙarƙashin kowace fuska an buga sa hannunsa mai doguwar jela da ta lanƙwasa kamar ƙugiya. A ƙasan akwati yake zama. Sau biyu a shekara Goggo za ta fito da shi, ta shanya a baranda ya sha iska, ta goge, ta turara, ta mayar. Ba ta taɓa ɗaura shi ba, ko takardar kamfanin da ke manne a gefensa ba ta cire ba. In ƙawayenta suka ce wa take ajiye wa, sai ta ce ita ba ta da tarbiyyar zama a kan fuskar manya. A yi dariya, a wuce. Ni dai na ɗauka son zanen ne ya yi mata yawa.

Sa'ad da Tsoho ya rasu na riga na gama karatu, ina aiki a wani kantin magani, ina zaune tasha biyu ta jirgin taram daga gidansu. Goggo ta shimfiɗa tabarma a falo ta yi zaman makoki kwana uku, kamar ubanta ne ya rasu. Mata suka yi ta zuwa, har 'yan Cadi da 'yan Kamaru da ba su san shi ba sai a bakinta. Abin da ya fi ba ni dariya, Allah ya yafe mini, shi ne Baba. Maza suna zuwa yi wa matarsa gaisuwa, dole shi zai karɓe su. Ga shi zaune da carbi ana ce masa "Ya haƙuri, Mushe?" yana cewa "Haƙuri sai ma'abucinsa" da fuskar wanda aka ba magani mai ɗaci.

A zauren unguwarmu akwai wata Bafaransa, Madam muke ce mata, da ke koya wa mata ɗinki duk Talata. Sana'arta ta gaske ita ce wani irin bargo na ƙyallaye da ake ɗinke wa abubuwa iri-iri a jiki, maɓalli, takarda, guntun ƙarfe, a rataye a bango don kallo. Ranar da Goggo ta fara ganin irinsa ta dawo gida tana mita, wai Turawa sun rasa abin yi, sun ɗinka bargon da ba ya rufe kowa. Amma bayan sadakar arba'in ita ce ta je ta sami Madam, da ni a matsayin tafinta, ta ce tana son a yi wa Tsoho nasa. Ta kuma kafa sharaɗi: duk gidan da ke da wani abu da ya fito daga hannun Tsoho, ko ya tuna musu da shi, su kawo.

Ban san mutanenmu suna ajiye tarkace haka ba. Wani Alhaji mai shago ya kawo bajen jam'iyya da ya yi tsatsa. Wata ta kawo katin zaɓen mijinta. Wani ya kawo kaset na jawabin Tsoho da ya daina aiki, Madam ta zare zaren cikinsa ta kitsa shi ya zama igiya mai sheƙi. Aka kawo hular da aka sa ranar wani gangami, da murfin rediyon da aka saurari sakamakon zaɓe da shi. Maƙwabciyar Goggo 'yar Cadi ta ce ita ba ta da komai nasa, amma ba za a yi abu a hawansu ba da ita ba, ta tsinke tsakiyar da ke wuyanta ta zube duwatsun a tire. Goggo kuwa ta fito da wani guntun buhu da bai fi tafin hannu biyu ba, ya yi laushi don tsufa, wanda ta gada daga kakata. Sannan ta fito da zanen.

Mata suka yi ca, wai kada ta yanka, a nemo wani. Ba ta ko dube su ba. Ta ɗauki almakashi ta zagaye fuska ɗaya tare da sa hannun da ke ƙasanta, a hankali, don kowa ya san ba a ratsa fuskar mutum da almakashi. Ba ta tsaya ba har ta gama. Na yi mamaki, na kuma ji tausayinta, don a zatona ranta ne take yankawa.

Matsalar ita ce idon Goggo. Yanar ido ta rufe mata duka biyun, tana jiran ranar aiki a asibiti, ko zare ba ta iya zurawa. Sauran matan kuma 'yan koyo ne. Suka ɗora fuskar a tsakiyar bargon suka bi da keke, yadin ya tattare, bakin Tsoho ya karkace gefe guda. A teburin cin abincin Goggo ake wannan aikin, Baba yana kujerarsa ta bakin taga a bayan jarida, wai ba ya gani. Can sai muka ji ya ce, "Kun karkatar masa da baki."

Ya ƙara da cewa, "Ko da yake haka yake yi in zai yi alkawari." Goggo ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga ya tashi ya zo ya tsaya a kan aikin, yana shafa ɗinkin da yatsa yana tsaki. Ya ce a ba shi reza.

Ashe mahaifin Baba maɗinkin manyan riguna ne, a rumfarsa ya tashi kafin a kai shi lakwal. Shekara shida na zauna gidan ban sani ba. Ya farke duk abin da suka yi, ya shimfiɗa fuskar ta kwanta lif, ya kama da allura. Ya ce shi bai yafe wa mutumin nan komai ba, amma ba za a ɗinka fuskar ɗan Adam a karkace a kan teburinsa ba, ko ta wane ne. Daga nan abu ya wuce gyara. Ya aike ni neman zaren alharini, na kawo ya ce ba shi ba ne, na koma har sau uku ina ƙunƙuni. Ya ce ba a barin babban mutum da kai kawai ba riga, ya zana wuyan babbar riga a ƙarƙashin fuskar, ya shiga yi mata aiki irin na gida, aska da tambari, duk da hannu.

Mako uku yana yi, da safe in haske ya shigo taga, tabarau a kan hanci. Goggo takan kawo masa shayi ta ajiye nesa da yadin. In na biyo kafin in tafi aiki nakan tarar da ita zaune kusa da shi tana bin ɗinkin da yatsa tun da ido ba ya gani. Ban taɓa ganin gidan ya yi daɗi kamar a makonnin nan ba.

Saura shafin baya, farin yadi da ake rufe bargon da shi. A zauren unguwa za a yi, a kan babban tebur, kuma ranar ta faɗo daidai da ranar da aka kwantar da Goggo don aikin idonta na farko. Maƙwabciyarta ta zauna da ita, ni da Baba muka tafi zaure. Muna cikin aiki Madam ta fita amsa waya, sai Baba ya ciro wata takarda daga aljihun gaba, ta yi ja don tsufa, ta kusa rabuwa a wajen ninki.

"Hajiya ta ce duk mai abin da ya fito daga hannunsa ya kawo," in ji shi. "Ga nawa."

Takardar korarsa ce. Na karanta layi huɗun da ke ciki, na kai ƙasa, sai na ga doguwar jelar nan mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Tsoho ne ya sa hannu da kansa, har ya ƙara kalma biyu da alƙalaminsa a gefe, cewa a zartar nan take.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, kana da wannan a aljihu shekara talatin, kana barin ta tana ce maka bai sani ba?"

Ya ce, "In na nuna mata, me zan ba ta a madadinsa? Mutumin nan, a wurinta, shi ne ya tayar da uwarta. Na raba ta da garinsu, na kawo ta hawa na tara. Wannan ma sai in karɓe?"

Na ji kunyar duk shekarun da na yi ina ganin kamar gardama ce ba ya iyawa. Ya ce ana cewa a yafe wa mamaci, shi kuma bakinsa ya ƙi furtawa, to bari ya mayar wa mai takarda takardarsa, ya huta da ganinta a cikin kayansa. Ya sa ta a farar leda, ya ɗinke ta a tsakiyar shafin baya, daidai bayan fuskar. Na ce sa hannun fa, iri ɗaya ne da na gaba. Ya ce Hajiya ba ta yi boko ba, a wurinta wannan jelar ado ce kamar furannin atamfa, kuma baya ai bango zai kalla. Ya sa na yi masa alkawarin ba za ta ji daga bakina ba. Da Madam ta dawo ta karanta, ta dube shi, ta tambaya ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata.

Haka aka rataye shi a zauren unguwa, baya manne da bango, wata biyu. Mutane suka zo daga ko'ina cikin Lyon, kowa yana neman abinsa yana nuna wa 'ya'yansa. Goggo ta turara shi da turaren wuta har Madam ta roƙe ta ta bari saboda na'urar hayaƙi. A tsakanin nan aka yi mata ido na biyu. Ta dawo tana ganin komai, har ƙurar da ke saman firij ɗina, wadda ta yi mini faɗa a kai.

Sai Madam ta zo da albishir. Za a yi nunin irin waɗannan barguna a Paris, na ƙungiyoyin mata baƙi, kowace ƙungiya da shugaban da take tunawa, kuma an zaɓi namu. Ita ta naɗe shi ta aika. Mu uku muka bi a jirgin ƙasa ranar buɗewa, Goggo da kular dambu a cinya kamar za mu ƙetare sahara, Baba cikin babbar riga yana cewa shi ɗinkinsa zai je dubawa, ba Tsoho ba.

Zauren yana kusa da Porte de la Chapelle. Muka ratsa masu shimfiɗa kaya a bakin titi, wani ɗan Maraɗi mai sayar da caja ya ji Hausarmu ya tsayar da mu gaisuwa, har sai da ya tambayi lafiyar mutanen Lyon gaba ɗaya. Ina shiga ƙofar zauren gabana ya faɗi. Ba bargo ko ɗaya a jikin bango. Duka an sako su daga rufi da igiya, a tsakiyar ɗaki, mutane suna zagaya su gaba da baya. Namu yana can tsakiya, ina hango wasu Turawa biyu a bayansa sun sunkuya suna karatu.

Na dubi Baba, na ga shi ma ya gani. Na yi abin da na iya. Na riƙe hannun Goggo na tsayar da ita a gaba, ina nuna mata guntun buhu, ina nuna mata duwatsun maƙwabciya, ina surutu kamar rediyo. Na ce mu je mu ga na matan Mali, an ce ya fi kowanne kyau. Ta zare hannunta ta ce, "Ke, tun yaushe kika fara son ɗinki?" Ta zagaya baya.

Muka bi ta. Ta tsaya a gaban ledar, sabon tabarau a fuska. Na fara shirya ƙaryar da zan yi in ta ce in karanta mata, wai takardar yabo ce ko ta canjin wurin aiki. Ba ta ce in karanta ba. Ta ɗora yatsa a kan jelar sa hannun ta bi ta har inda ta lanƙwasa, sannan ta duba ɗinkin gefen ledar.

"Nan ka ajiye ta ashe," ta ce. "Na duba cikin kayanka ban gan ta ba, na ce ko ka ƙone."

Baba ya ce, "Hajiya, takardar aiki ce kawai, ta da."

"Malam, ni na sa maka ita cikin akwati da hannuna ranar da za ka taho. Ban iya karatu ba, amma ba makauniya ba ce ni a lokacin. Ranar da zanen nan ya iso na buɗe shi, na ga wannan ƙugiyar a ƙarƙashin fuskarsa, na je na ɗauko takardarka na haɗa su a kan gado."

Mutane suna wucewa ta gefenmu da kofunan lemo. Baba ya ce, "To me ya sa kika yi ta cewa bai sani ba?"

"Kai me ya sa kake cewa 'To, Hajiya'?" Ta gyara mayafinta. "Uwata ya ciyar, ba zan zage shi ba har in mutu. Kai kuma ya kore ka. Ka taɓa ganin na ɗaura shi?"

Baba ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa. Ni kuwa da na zo da shirin rarrashin Goggo, ni ce na koma bayan bargon matan Mali na yi kukana, wata Bafaransa tana miƙo mini hankici tana zaton Tsoho nake yi wa.

Da na dawo na tarar Madam ta iso, tana ba Baba haƙuri, wai ba ta san haka za su rataye ba, za ta sa a rufe bayan da wani yadi yanzu-yanzu. Na fassara wa Goggo. Ta ce in gaya mata a bar shi yadda yake. Sannan ta ja hannun rigar Baba ta ce dambu yana hucewa, mu nemi wurin zama.

A kan wani benci muka ci, a bakin titi, motoci suna wucewa. Ta zuba masa nasa ya fi na kowa, ta tsince masa ƙashin kifi kamar yadda take yi tun da idonta ya buɗe. Ya ci loma biyu, ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Allah ya jiƙansa." Wannan karon bakinsa ya furta, na ji shi sarai. Goggo ta ce amin, ta miƙa masa ruwa.